Jinin Cibiya: Magani Ne, Amma Na Wa?

Tsakanin Tudun Wada da asibitin Nassarawa a Kano ba wata tafiya ba ce, amma kafin mai ciki ta bar layin awo za ta iya jin magana biyu masu karo da juna. Wata ta ce Turawa na ajiye jinin cibiyar jariri ya zame masa maganin kowace cuta. Wata ta ce mai neman jinin jariri asiri zai yi, ba wata ba.

Batun ajiyar gaskiya ne. Bayan an ɗaure cibiya an yanke, sai a tsira allura a jijiyar guntun da ya rage jikin mabiyiya, a zuƙo jinin cikin jaka. Da ƙyar yake cika ƙaramin kofin shayi. Uwa da jariri ba sa jin zafi, ba a ɗiba sai da yardar uwa, mabiyiya kuma tana nan a tafi da ita gida a binne yadda aka saba. Daga nan sai a daskarar da jinin a sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. An ga wanda ya haura shekara 20 ƙwayoyinsa na raye.

Amfaninsa ma ba tatsuniya ba ne, domin yana ɗauke da ƙwayoyin da ke haifar da sabon jini, irin na ɓargo. A 1988, a birnin Faris na Faransa, likita Eliane Gluckman ta yi wa wani yaro ɗan shekara 5 mai cutar jini ta Fanconi dashe da jinin cibiyar ƙanwarsa, ya rayu. Yau ana amfani da shi wajen sankarar jini da sikila.

A nan ne masu tallan ajiyar jinin ke yin shiru, kuma nan ne ya fi shafar Kano. Jinin cibiyar mai sikila ba ya warkar da shi, tun da cutar gado ce, tana cikin jinin da aka ajiye. Sai dai na wani, kamar ƙane ko ƙanwa marar cutar, shi ma idan jikinsu ya dace, abin da ke faruwa sau ɗaya cikin huɗu tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Ko an dace, dashen ba ƙarin jini ba ne: sai an kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, a killace yaro makonni. A Najeriya an fara dashen ɓargo a asibitin koyarwa na Benin a 2011, kuma kuɗinsa miliyoyi ne.

Zancen cewa jinin cibiya yana maganin ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki kuwa har yanzu a matakin gwaji yake. Kamfanin da ya karɓi kuɗin ajiya duk shekara bisa wannan alkawari, fata yake sayarwa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta fi son a ba da jinin ga rumbun jama'a, sai fa in gidan akwai yaro marar lafiya da ke jiran dashe.