Kurkunu Ya Sami Mafaka a Jikin Karnuka

A 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi daga ƙasar. Amma tun 2012 ake ganin tsutsar a jikin karnukan masunta a ƙasar Chadi, kuma masana na zaton daga ɗanyen hanjin kifi suke ɗaukarta. Idan irin wannan kare ya shiga tafki, tsutsar kan zubar da 'ya'yanta, ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su, mutum kuma ya sha ruwan ya kamu. Saboda haka ya kamata masuntan Argungu da Ambursa su riƙa binne hanjin kifi, jama'a kuma su tace ruwan tafki, domin har yau kurkunu ba shi da magani.