Ko Ka Sani? Mota Ba Ta Shan Man Birki

Ko ka san cewa lafiyayyar mota ba ta shan man birki? Fetur ƙonewa yake yi, baƙin mai yakan ragu a tsohon inji, ruwan lagireto ma yakan bi zafi ya tafi. Man birki kuwa a killace yake cikin bututu, ba wuta a hanyarsa, ba ƙofar fita. Saboda haka direban da ke ajiye gwangwani a ƙarƙashin kujera yana ƙarawa duk mako, yana cewa "ai haka take sha," motarsa yoyo take yi, kuma da ransa da na fasinjansa yake wasa.

Raguwa ɗaya ce ta halal. Yayin da fad ɗin birki ke cinyewa, fistin yakan ƙara fitowa waje, mai ya bi shi ya cike gurbin, sai ka ga ya ɗan sauka a kofinsa cikin watanni. Duk abin da ya wuce wannan, a nemo inda ya bi.

Dabarar birkin tsohuwa ce. Tun ƙarni na 17 wani masani ɗan Faransa, Blaise Pascal, ya nuna cewa idan aka matsa ruwan da ke rufe, ƙarfin matsin yakan isa kowane lungu daidai wa daida. Cika sirinji da ruwa ka toshe bakinsa da yatsa, ka danna: ba zai motsa ba. In kuwa da iska a ciki, sai ka ji ya yi laushi. Haka birki yake. Malcolm Loughead ne ya kawo wannan dabara cikin mota a Amurka, kuma a 1921 Duesenberg ta fito da motar da ke da irin birkin a tayoyi huɗu. Motocin farko layin mai guda ɗaya gare su, huda ɗaya ta isa ta kashe birkin duka. Sai a ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta tilasta a raba layin gida biyu, don in ɗaya ya fashe ɗaya ya rage. Mai tsohuwar mota ya leƙa kofin mansa: in ɗaki ɗaya ne, ba shi da na biyun da zai cece shi sai birkin hannu.

Mu ɗauki Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna, inda kamfanin PAN ya fara aiki a 1975. Har yau wagon da a-kori-kurarta na ɗaukar kaya a hanyoyin karkara, da faifai a tayoyin gaba, duram a na baya. Ƙarfenta na da juriya, amma robobin birkinta ba su san sunan kamfani ba. Zafi da shekaru suna busar da su kamar na kowace mota.

Binciken farko ba ya buƙatar sufana. Ajiye motar a wuri mai daidai, shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Man birki fari ne mai ɗan rawaya in sabo ne, yakan yi duhu in ya tsufa, yana da santsi a yatsa amma bai kai baƙin mai kauri ba, kuma yana cin fenti. In ka ga fenti ya kumbura ya ɓare a ƙarƙashin masta, wato babbar silindar da kofin man ke kanta, to ka ga sawun ɓarawo. Sannan ka shiga ka taka birki da ƙarfi, ka riƙe kamar rabin minti. Lafiyayyen birki yakan tsaya cak. In ƙafarka na nutsewa a hankali, mai na gudu ta wani wuri.

A motoci masu duram, ƙaramar silindar da ke cikin tayar baya ce ta fi yawan laifi. Leƙa bayan tayar: in ka ga danshi da ƙura ta manne masa, ko layin mai ya gangaro a cikin taya, a cire duram a ɗaga robar ƙurar da ke bakin silindar. Bai kamata a ga ɗigon mai a wurin ba. Kuma layinin birkin da ya sha mai ya tashi daga aiki. Wanke shi da fetur ko gasa shi a wuta ba ya fitar da abin da ya shige cikinsa; sabo za a sa, a kuma sa a tayoyin biyu tare, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga gefe ɗaya duk sanda aka taka. Tiyon birki kuma a lanƙwasa shi a duba tsaga, wani ya taka birki a ga ko yana kumbura. Bututun ƙarfe tsatsa ke cinsa, musamman inda maɗauri ya riƙe shi laka ta taru.

Amma wanda ya fi ruɗa mutane shi ne yoyon da ba ya taɓa ƙasa. Mai na raguwa, kwali a bushe, tayoyi huɗu a bushe. A nan robar bayan masta ce ta mutu, man yana tsiyaya cikin baƙar gangar nan da masta ke ɗaure a jikinta, wadda ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. Tana iya haɗiye mai da yawa shiru, wani lokaci har inji ya zuƙe shi ta tiyon iska ya fitar da farin hayaƙi, a yi ta zargin inji. Kwance noti biyun da suka riƙe masta, ja ta gaba kaɗan, ka duba bayanta. In motar ba ta da gangar, ɗaga shimfiɗar ƙafar direba, can man yake sauka. Akwai kuma akasin haka: kofi a cike, ƙafa na nutsewa. Wannan robobin cikin masta ne suka gaji, mai na zagaye su yana komawa baya. Ana iya sauya robobi in cikin silindar sumul yake, amma in tsatsa ta yi masa ramuka, sabuwar roba ba za ta yi wata ba.

Daga ina tsatsar ta shiga wurin da mai yake? Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. DOT 4 kuma daga 230 zuwa 155. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, da kaya a bayan mota, birki na iya yin zafin da zai tafasa tsohon mai, ya zama tururi, ƙafa ta tafi ƙasa kyauta. Shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu, ake kuma ƙin gwangwanin da ya daɗe a buɗe.

Wannan ne ya sa zuciyata ke tashi in na ga ana dama omo da ruwa ana ɗura wa birki, ko a daddatse bututun taya ɗaya da guduma a ce an gyara. Ruwa yana tafasa a digiri 100, yana kuma cin silinda daga ciki. Baƙin mai ko man giya su ma guba ne, domin suna kumbura robobin duka. DOT 5 mai launin shunayya kuma ba a gauraya shi da sauran.

Bayan kowane gyara sai an fitar da iska. Aikin mutum biyu ne: ɗaya a kujera yana takawa ya riƙe, ɗaya a ƙasa yana buɗe ƙaramin noti ya rufe kafin a saki, a fara daga tayar da ta fi nisa da masta, kofi kuma kada ya bushe. A ci gaba har mai ya fito babu kumfa, birki ya yi tauri. A gwada shi a fili a hankali kafin a hau titi.

Gobe da safe, kafin ka ta da mota, buɗe bonet ka duba kofin nan, ka sa masa alama. In bayan mako ya sauka ƙasa da alamar, kada ka ɗauki kowa a motar sai bakanike ya nuna maka inda man ya bi da idonka.