Ƙarfi da Tauri a Manhajar Lissafin Gini

Manhajar da injiniyoyi ke auna gini da ita a kwamfuta ba ta duban gini gaba ɗaya. Takan yanyanka shi gaɓa-gaɓa, ginshiƙi daban, bene daban, sa'an nan ta lissafa yadda kowace gaɓa za ta lanƙwashe in an aza mata kaya. Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya shi ya raɗa wa wannan dabara suna a 1960. Amma fa zane kawai ba shi da jiki. Sai an gaya wa manhaja cewa wannan gaɓa ƙarfe ce, waccan kankare, kana lissafi ya yiwu.

A nan ne malamin da ke koyarwa da Hausa ya kamata ya yi hattara, gama kalmar “ƙarfi” takan haɗiye abu biyu. Abin da manhaja ke fara tambaya shi ne tauri, watau yadda abu ke ƙin miƙewa ko lanƙwashewa, wanda ake kira ma'aunin Young. Ƙarfi kuwa shi ne iyakar abin da zai jure kafin ya lalace. Gilashi da alminiyum taurinsu kusan ɗaya ne, wajen gigafaskal 70, alhali kuwa ɗaya tarwatsewa yake yi, ɗaya lanƙwashewa. Taurin baƙin ƙarfe na gini ya kai 200, na kankare wajen 30.

Bambancin ba na fatar baki ba ne. Inda gaɓoɓi suka taru suna ɗaukar kaya, nauyi yakan fi karkata ga wadda ta fi tauri. In aka manta aka bar ginshiƙin kankare da alƙaluman ƙarfe, manhaja za ta ninka taurinsa kusan sau bakwai, ta jibga masa kaya, ta rage wa maƙwabtansa, har a sa musu rodi ƙasa da bukata. Ba kuwa za ta yi gargaɗi ba. Nauyin ginin ma ya gurɓace, tun da kubik mita ɗaya na ƙarfe kilo 7,850 ne, na kankare wajen 2,400.

Har wa yau, ƙarfe taurinsa ɗaya ne ta kowace fuska, azara kuwa ba haka take ba, don ta fi tauri bisa tsawon zarenta nesa ba kusa ba. Mai auna rufin soro lalle ne ya nuna wa manhaja inda zaren kowace azara ya dosa.