Kwanon Maƙwabta a Birnin Yamai

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Shirinmu na musamman ne daga nan birnin Yamai. Yau ba mu gayyato minista ba, ba mu gayyato likita ba. Zancen kwano za mu yi, kwanon abincin nan da uwargida ke rufewa da faifai, ta ɗora wa yaro a ka, ta ce, "Kai wa Inna ta gidan baya, ka ce ina gaishe ta, kuma kada ka tsaya wasa a hanya."

Duk wanda ya tashi a Bukoki ko Gamkale ko Yantala ya yi wannan aike. Ya san yadda ake tafiya a hankali don kada miya ta zube, ya san tukuicin dala biyar da ake danƙa masa, ya kuma san ba a cika mayar da kwano wayam ba. In an kai tuwo, gobe fura za ta zo. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma matar da ta karya ta, unguwa za ta sani.

Yamai gari ne na baƙi. Tun da Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido shi nan bakin kogi a 1926, mutane ke kwararowa: daga Doso, daga Tawa, daga Maraɗi da Agadas da Difa, har da ƴan Mali da Benin da Togo. Ka shiga gidan haya guda a Talaje, ka tarar da Bazabarma a ɗakin farko, Ba'adara a na biyu, Bafulatana a na ƙurya. Da yawansu ba su da dangi a garin nan. Kafin su iya harshen juna, sun riga sun ɗanɗani miyar juna. Kuma a bakin tukunyar ne wasan taubasantaka ya fi armashi. Bagobiri ya leƙo ya ce wa Bazabarme in ban da ganye me kuka iya ci, shi kuwa ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi, sannan su zauna su cinye ganyen tare. Haka Fulani da Arawa, haka Fulani da Barebari. Wannan wasa namu har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2014, amma tsofaffinmu ba su jira takardar kowa ba.

Tunda an ambaci ganye, mu ɗan tsaya wurin mai dambu. Da hantsi za ka same ta a bakin titi kusa da kasuwar Katako ko Wadata, manyan robobi biyu a gabanta. Ɗaya tsaki ne da aka turara a madambaci, yana warwarewa, ɗaya kuma zogale ne dafaffe da aka matse. Ka ce, "Hajiya, a zuba mini na dala arba'in." Sai ta ɗebo tsaki, ta ɗora zogale, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, ta yanka albasa da wuƙar da ta sha wasawa har ta sirance, ta tsiyaya mai daga kwalba, ta cakuɗa. Tana yi tana kallonka. In ta ga alamar aljihunka ya yi sanyi, hannunta zai ɗan yi nauyi, ba tare da ta ce komai ba. A bencinta ɗan kabu-kabu da ma'aikacin ofis da ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Ta san wanda matarsa ta haihu, ta san wanda albashinsa ya makara. Ni dai a ganina, wanda ke son sanin halin da Yamai ke ciki, ya fara daga wannan benci kafin ya buɗe jarida.

(Kiɗa kaɗan)

Garin nan ya sha gwaji a ƴan shekarun baya. A daminar 2020 kogi ya cika ya batse, ruwa ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsai, ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoye da Saga. Gidajen laka suka zube, iyalai suka kwana a azuzuwan makarantu. Gwamnati da ƙungiyoyi sun kai agaji, ba mu musa ba. Amma kafin a rubuta suna, a ƙirga kawuna, a sauke buhuna, yara sun ji yunwa tun daren farko. Abin da ya riƙe su a wannan tsakani tukwanen ƴan uwa da abokan arziki ne, waɗanda suka ƙetara gadar Kennedy zuwa Harobanda a bayan babura.

Sai kuma 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, manyan motocin kaya suka yi cirko-cirko a Malanbil, tsallaken Gaya, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba mu. Ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024. Ba sai na gaya wa matan Yamai yadda farashin shinkafa da mai ya yi ba, su suka riƙe tiya a kasuwa. Mai sayen buhu ya koma tiya, mai tiya ya koma rabi. Kwanon maƙwabta ya ƙanƙance, nama ya ɓace daga samansa, a wasu gidajen ma kunya ta hana a aika. Wannan kunyar ce nake so mu duba. Mace ta ce, "Yaya zan kai wa mutane tuwo da miyar kuka ba ko tsoka?" Alhali wadda za a kai wa ɗin, watakila ranar ba ta ɗora tukunya ba sam.

Akwai kuma wani abin da ya rage wannan al'ada tun kafin takunkumi, kuma ba kowa ke son a faɗa ba: firji. A da, in an yi girki ya yi saura, dole a fitar da shi, don zafin watan Afrilu ba ya barin miya ta kwana. Yanzu sai a juye a roba a daskare. Ga dogayen katangu na sababbin unguwanni, da ƙofar ƙarfe da mai gadi, inda za ka shekara ba ka san sunan na jikin gidanka ba. Ga salula, wadda ta sa gaisuwa ta yi araha, ziyara ta yi tsada. Ba ina zagin firji ba ne, a gidana ma akwai. Sai dai lokacin da wuta ta riƙa ɗaukewa yini guda, an ga masu daskararren nama suna neman wanda za su ba da gaggawa, kuma a ranar ne wasu suka fara ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci.

Mu zo kan Babbar Sallah, don a nan Yamai ta fita daban. Bayan an sauko idi an yi yanka, sai a feɗe rago, a buɗe shi, a soke shi da itatuwa biyu a gicciye, a jera raguna tsaye kewaye da wuta a ƙofar gida. Gida uku, gida huɗu su haɗa itace, su hura wuta guda. Hayaƙi ya rufe gari, samari na juya nama suna shafa masa mai da gishiri, mata na suyar kayan ciki a cikin gida. Ranar ba a taɓa ragon, sai washegari a sassara shi a shiga rabo. A wurin wannan wuta, ragon attajiri da ɗan tunkiyar mai gadi wuri guda suke gasuwa.

To amma ina naman ke zuwa? Sau da yawa cinya ta tafi gidan shugaban ofis, wanda ya yanka uku, bazawarar da ke bayan gida kuwa ta samu ƙashi a leda. Wani kuma ya ci bashin da zai kai shi watan Maulidi yana biya, don kawai kada a ce ragonsa bai kai na wane ba. Malamanmu sun sha faɗa cewa layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali. Wanda ba shi da shi, Allah bai ɗora masa ba, ƴan unguwa ne suka ɗora masa.

Samarin fada masu zaman shayi ma, da ake yawan cewa zaman banza suke, a kan batun rabo da juna ba su da laifi. Dala-dala suke haɗawa su sayi shayi da sukari da gawayi, ƙaramin kofi guda ya zagaya kowa, kuma wanda bai sa ko tamma ba, ba a tsallake shi.

Kafin lokaci ya cim mana, magidanta, kalma ɗaya gare ku. Kuɗin cefanen da kake ajiyewa da safe, yaushe rabonka da ka bi su kasuwa ka ga abin da suke saye? Gidaje nawa ne a garin nan miyarsu ke tsayuwa da kuɗin adashin uwargida, ko ribar ƙanƙarar da take ƙullawa, ko ƙosan da take toyawa tun asuba, maigida bai sani ba? Sai ya dawo da dare, ya buɗe kwano, ya ce, "Yau kuma ba nama?" Malam, ka wanke hannu ka ci, ka ce mata sannu da aiki. Aure da yawa sun girgiza a kan maganar da ba ta fi wannan ba.

Ku kuma iyayenmu mata, kada ƙarancin mai a miya ya hana ku aikawa. Ku aiko mana da yadda abin yake a unguwanninku, daga Gudel har Saga, za mu karanta a shiri na gaba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu wanye lafiya da maƙwabtanmu.