Shago a Kaduna, Sito a Maraɗi, Gida a Dubai: Wa Zai Tattaro Gadon?

A Badarawa da maƙwabtanta, Malali da Unguwar Dosa da Kawo, akwai gidaje da yawa da abincinsu ke fitowa daga ƙasa fiye da ɗaya. Wani maigidan shagonsa na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, amma shadda da leshin da ke ciki ta Kwatano suka biyo. Wani yana da sito a Maraɗi inda ake tara masa wake da aya. Wani yana da yaro a Guangzhou mai loda masa kwantena, wani kuma ya sayi ɗakuna a Dubai yana karɓar haya. Muddin maigida na raye komai na tafiya sumul, domin lissafin duka yana cikin kansa da cikin wayarsa. Ranar da ta Allah ta kasance, aka share makoki, aka kira malami ya raba gado, sai a tarar malamin ya san rabon kowa har zuwa kwabo, amma cikin masu zaman babu wanda ya san iyakar abin da za a raba.

Rabon kansa ba shi da duhu. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanke wa kowa nasa, kuma mazhabar Malikiyya da kotunan Shari'a na Jihar Kaduna ke bi ta daɗe da tsara lissafin. Ana fara cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura. Matar mamaci, ko matansa a haɗe, su ɗauki tumunin takaba in akwai 'ya'ya. Uwa da uba kowa ya samu sudusi. Ɗa namiji ya ɗauki ninkin rabon 'ya mace. Sai dai alƙali da malami abin da aka kawo gabansu suke rabawa. Dukiyar da ke bayan iyaka ita ta fi wuyar isowa gaban nasu, kuma sau da yawa ita ce jarin da kasuwancin ya tsayu a kai.

Matsalar ta girmi fasfo da kwastan. Fataken goro na ƙasar Hausa, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda masanin tarihi Paul Lovejoy ya wallafa littafi a kansu a 1980, sun daɗe suna ajiye dukiya da iyali a zangunan hanyar Gwanja. Daga cikin Agalawan nan aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Mahaifinsa Abdullahi attajiri ne, amma ya rasu 'ya'yansa na ƙanana. An raba gado yadda shari'a ta ce, mahaifiyarsa ta koma Accra inda take da harkokinta, ta bar yaran a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta sunan gidan ya samo asali. Kafin Alhassan ya girma, rabon nasa ya narke. Daga tushe ya sake ginawa: fataucin goro tsakanin ƙasar Ashanti da Kano, sai sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, har ya zama attajirin da ba a san kamarsa ba a Afirka ta Yamma a zamaninsa.

Mutumin da ya ga yadda gadon ubansa ya watse bai bar nasa haka ba. Ya saka 'ya'yansa cikin harkar tun suna samari, ya haɗa kasuwancin ƙarƙashin suna guda, Alhassan Dantata and Sons. An ruwaito cewa da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yan da manyan yaransa ya yi musu wasiccin haɗin kai, ya roƙe su kada su bar kamfanin ya ruguje. Ɗansa Ahmadu ya riƙe ragama har rasuwarsa a 1960, sannan ƙaninsa Aminu ya karɓa. Shi Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a Abu Dhabi a watan Yunin 2025 yana da shekara 94, aka binne shi a Madina. Shekara saba'in bayan rasuwar mai kafa gidan, sunan yana nan a kasuwa.

Aliko Ɗangote, jikan Sanusi ɗan Alhassan Ɗantata ta wajen uwa, ya kai tsarin wani mataki. Kamfaninsa na siminti yana da masana'antu a Senegal da Habasha da Zambiya da Tanzaniya da Kamaru, kuma tun 2010 ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar hannayen jari ta Najeriya. Abin da magada za su raba a irin wannan tsari hannun jari ne. Injin da ke niƙa dutse ba ya tsayawa don an yi rasuwa. 'Ya'yansa mata uku, Mariya da Halima da Fatima, sun daɗe suna riƙe da manyan muƙamai a rukunin kamfanonin, kuma a 2025 ya sauka daga shugabancin hukumar daraktocin kamfanin simintin yana da ransa da lafiyarsa.

Ɗan kasuwar Badarawa ba Ɗangote ba ne, amma dokar da Ɗangote ya yi amfani da ita a buɗe take gare shi. Yawancin 'yan kasuwarmu sunan kasuwanci kawai suke yi wa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni. A idon doka, irin wannan kasuwanci da mai shi abu guda ne, in ya rasu asusun banki ya tsaya cik. Kamfani mai hannun jari kuwa yana da rayuwarsa daban, yana ci gaba da saye da sayarwa ko masu shi sun sauya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma sauƙaƙa abin, domin yanzu mutum ɗaya tak zai iya kafa irin wannan kamfani. Amma wanda ya zama shi kaɗai ne darakta, shi kaɗai ne mai sa hannu a banki, bai kauce wa matsalar ba. Sai ya ƙara wani amintacce tun yana raye. Akwai kuma kuskuren da ya yaɗu: mutane na zaton wanda aka rubuta sunansa a fom ɗin banki a matsayin makusanci shi ke karɓar kuɗin. Banki takardar kotu yake nema kafin ya saki ko sisi, kuma kuɗin na dukan magada ne.

Wannan duk a gida ne. Da an tsallaka iyaka, sai wata ƙa'ida ta shigo wadda kusan duk ƙasashe suka yarda da ita: gida da fili suna bin dokar ƙasar da suke cikinta. Hukuncin da alƙali ya yanke a kotun Magajin Gari da ke Kaduna ba ya sauya sunan mai fili a Yamai ko a Landan, sai an bi ta kotun can.

Nijar ta fi kusa, kuma a sha'anin gado kotunanta na duba al'adar mamaci, wadda ga Bahaushe Musulmi hukuncin Musulunci ce. Amma kasuwanci a can yana ƙarƙashin dokokin OHADA, tsarin da ƙasashe 17 na Afirka suka haɗu a kai, har da Benin da Kamaru da Chadi, ban da Najeriya da Ghana. Takardu da Faransanci suke, kuɗi sefa ne, kuma sai dangi sun zauna sun naɗa wakili an rubuta a gaban hukuma kafin a taɓa komai. Hanyar ma ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Iyalin da aka yi wa rasuwa a waɗannan watanni, kayansu na Maraɗi suna zaune a sito, kuɗin haya na hawa, ƙwari na cin wake.

A Ghana, inda zangunan Hausawa suke tun zamanin fatake, dokar gado ta 1985 ta shafi duk wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, kuma ba ta bambanta rabon ɗa da na 'ya. Tsofaffin Kumasi da Accra ba su manta da 1969 ba, shekarar da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardun zama, mutane da yawa suka baro gidaje da shaguna ko suka sayar da su a wulaƙance. A Dubai kotu na raba gadon Musulmi bisa shari'a, amma da zarar banki ya samu labarin rasuwa sai ya rufe asusu har kotu ta ba da umarni, kuma kowace takarda daga Najeriya sai an fassara ta zuwa Larabci an tantance ta. Ingila ta fi tsanani. Dukiyar da ke can ana cire mata harajin gado na kashi 40 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 325,000, ko da mai ita bai taɓa zama a ƙasar ba. In kuma bai bar wasiyya ba, dokarsu ta ba matar aure kaso mafi tsoka na gidan, ta hana iyayen mamaci komai muddin akwai 'ya'ya. Musulmin da ke son a raba gidansa na Landan yadda addininsa ya ce, sai ya rubuta hakan cikin wasiyyar da dokar Ingila ta amince da ita.

Ko a Najeriya an taɓa samun wannan karo. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yinusa, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa dokar Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Daga baya wasu jihohi, har da Kaduna, suka yi nasu dokokin wasiyya da suka kiyaye hukuncin Musulunci ga Musulmi. Wanda ke da gida a Kaduna da wani a Legas ma ya kamata ya tambayi lauya dokar da ke hawa kan kowanne.

Duk da haka, abin da ya fi cinye dukiyar marayu ba ya cikin kundin kowace ƙasa. Kasuwancin Bahaushe a kan amana aka gina shi. Miliyoyi na wucewa ta hannun ɗan canji da kiran waya guda. Ana sayen fili a Damagaram da sunan aboki ɗan ƙasar don gudun wahalar takardu. Ana ba abokin ciniki a Kwatano kaya bashi ba tare da rubutu ba, saboda shekara ashirin ana tare. Amanar nan tsakanin mutum biyu take, in ɗaya ya kwanta dama sai ta rataya a kan tsoron Allah na wanda ya rage. Akwai masu zuwa da kansu su ce, “Marigayi yana bina kaza, ga shi.” Akwai masu yin shiru. Su kuma masu bin mamaci bashi ba sa makara, tun ranar sadakar uku suke sallama. Ga kuma canjin kuɗi: dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, don haka jinkirin shekara guda wajen ƙiyasta dukiyar waje na iya sauya rabon kowa, ya haddasa zargi tsakanin 'yan ɗaki da 'yan uba.

Mutane da yawa na ƙin taɓa maganar, wai kamar kiran mutuwa ne, ko kuma tona asirin dukiya ga 'ya'ya zai lalata su. Addinin da suke bi bai goyi bayan wannan shirun ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Fiƙihu kuma ya ba mai dukiya hanyoyi da dama. Zai iya naɗa wasiyyi, mutumin da zai tattaro dukiya ya kula da rabon ƙananan yara. Zai iya yin kyauta yana da lafiya, da sharaɗin wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa, domin a Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ta koma cikin gado. Zai iya yin waƙafi. Magada su ma bayan an tantance rabon kowa suna iya yin sulhu: wanda ya iya harkar ya sayi kason sauran, ko su bar jarin a haɗe kowa na karɓar ribarsa gwargwadon rabonsa.

Aikin da ke gaban maigida bai fi ƙarfinsa ba. Littafi guda da ya lissafa kowace kadara, ƙasar da take, sunan da ke kan takardarta, da wanda ake bi da wanda ke bi, a riƙa sabunta shi duk shekara lokacin fitar da zakka. Filayen Kaduna a yi musu takarda a hukumar KADGIS, na waje a mayar da su sunan mai su ko sunan kamfani. A zauna da malamin gado da lauya tare, sannan a nemi lauya a kowace ƙasar da ake da dukiya. Sai wanda ya fi duka ɗaukar lokaci: a ɗauki ɗa ko 'ya a tafi da su Maraɗi da Kwatano, su san fatoma, su san dillali, su ma a san fuskarsu.

Waɗanda rashin wannan shiri ya fi cutarwa su ne masu ƙaramar murya a zaman gado. Matar mamaci tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, daidai lokacin da ake buɗe sito ana ƙirga kaya. 'Ya'ya mata da ke gidajen aurensu a Zariya ko Katsina labari kawai suke ji. Yaron da ke firamare a Badarawa ba zai san ubansa na da kwantena a kan teku ba sai ya girma, in ma ya sani. Babban ɗa da ya saba tafiya da uban zai iya kare kansa. Su waɗannan, abin da maigida ya rubuta ya sa hannu a gaban shaidu shi ne kaɗai zai tsaya musu a kotun Kaduna, ya kuma tsaya musu a kotun Yamai ko ta Dubai.