Butan: ƙasar da baƙo ke biyan haraji a kan kowane dare, kuma ba ya yawo sai da ɗan jagora

A cikin duwatsun Himalaya, tsakanin Indiya da Sin, akwai wata ƙaramar masarauta mai suna Butan, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, kuma mafi yawansu mabiya addinin Buda ne. Sai a shekara ta 1974 ta fara karɓar ƴan yawon buɗe ido, inda mutum 287 kacal suka shiga. Tun daga lokacin hukumominta ke kan manufa guda: gara baƙi kaɗan masu kashe kuɗi da yawa da cunkoson jama'ar da za ta ɓata musu daji da wuraren ibada.

Ta hanyar kuɗi ake tace baƙin. Duk wanda ya shiga yana biyan gwamnati dalar Amurka 100 a kan kowane daren da ya kwana, wato tsakanin jika 55 da jika 60 na sefa. Wannan haraji ne kawai, ba ruwansa da otel, abinci, mota ko ladan ɗan jagora. Mai son yin mako guda zai zuba wajen jika 400 kafin ya kurɓi ko da shayi, ga kuma dalar Amurka 40 na biza. Yara daga shekara 6 zuwa 12 rabi suke biya, ƴan Indiya kuwa rupi 1,200 ne nasu. Gwamnati ta ce da kuɗin take tallafa wa makarantu da asibitoci, waɗanda kyauta ne ga ƴan ƙasa, da kuma kula da daji, tunda kundin tsarin mulki ya wajabta kashi 60 cikin 100 na ƙasar ya kasance a rufe da itatuwa.

Shigar ma ba ta da sauƙi. Jiragen ƙasashen waje a garin Paro suke sauka, cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye, da rana kaɗai, kuma direbobin jirgi ƙalilan ne ke da izinin saukar. Kamfanoni biyu na ƙasar, Drukair da Bhutan Airlines, su ke jigila, don haka wanda ya taso daga Yamai sai ya yada zango a Delhi, Katmandu ko Bankok.

A bakin filin jirgin ne yawanci ɗan jagora ke tarbar baƙo, sanye da rigar gargajiya ta maza da ake kira go, mai tsayawa a gwiwa, tare da direba. Kafin annobar korona doka ba ta barin baƙo ya motsa ba tare da su ba, kuma sai ya sayi tafiyar dukanta daga wani kamfanin ƙasar. A 2022 an sassauta: mutum na iya kama otel da kansa, ya zaga Paro da Timfu, babban birni. Amma da zarar zai wuce nan, ko zai shiga manyan gine-ginen tarihi, ko zai bi hanyoyin duwatsu a ƙasa, sai da ɗan jagora mai lasisi.

Aikin nasa ya wuce nuna hanya. Shi ke gaya wa baƙo ya cire hula da takalmi a ƙofar ɗakin ibada, ya rufe kafaɗu da ƙafafu, ya ajiye ɗaukar hoto, kuma idan zai kewaya wani wuri mai tsarki ya bar shi a hannunsa na dama. Shi ke bayanin zong, manyan gine-gine masu kauri kamar ganuwa, da aka raba biyu: ɓangare guda ofisoshin mulki, ɗayan mazaunin malaman Buda. Ɗaya daga cikinsu shi ne na Punaka, a mahaɗar koguna biyu, kuma kafin a kai can sai an haye mashigar Docula mai tsayin mita 3,100, inda aka jera ƙananan hasumiyoyi 108. Shi ne kuma zai gargaɗi baƙo game da ema datshi, abincin ƙasar, wanda barkono ne zalla aka dafa da cuku, ake ci da jar shinkafa.

Ranar da ta fi wahala ita ce ta Taksang, gidan ibadar da aka manna a jikin dutse, mita 900 sama da kwarin Paro. An gina shi a 1692, a wurin da mabiya suka yi imani cewa malaminsu Guru Rimpoce ya sauka a bayan damisa. Gobara ta cinye shi a 1998, aka sake gina shi. Hawan na cin awa biyu zuwa uku, doki na kai mutum rabin hanya kawai, kuma iskar sama da mita 3,000 na saurin ƙure numfashin wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A ƙofa ake karɓe waya da jaka. Manyan duwatsun kuwa sai kallo daga nesa: tun 2003 aka hana hawansu saboda ana ɗaukar su masu tsarki, shi ya sa Gankar Punsum mai mita 7,570 ya zama dutse mafi tsawo a duniya da ba a taɓa taka ƙololuwarsa ba.

Sai dai wanda ake yi wa jagora, inda aka nuna masa yake gani. Da wuya hira a cikin mota ta kai ga ƴan kudancin ƙasar masu harshen Nepal, waɗanda sama da 100,000 daga cikinsu suka ƙare a sansanonin ƴan gudun hijira a Nepal a farkon shekarun 1990. Haka ma batun matasan da ke barin ƙasar da dubbai zuwa Ostireliya neman aiki, cikinsu har da masu otel da ƴan jagora.

Wannan na da alaƙa da harajin. A 2019 baƙi sun haura 300,000, akasarinsu ƴan Indiya. Da aka sake buɗe ƙasar a Satumbar 2022, gwamnati ta ɗaga harajin daga dalar Amurka 65 zuwa 200, sai baƙi suka ƙi dawowa yadda aka zata, otel-otel suka zauna babu kowa. Shekara guda bayan haka aka raba kuɗin biyu. Rangwamen na wucin gadi ne, an tsara zai ƙare a ƙarshen Agustan 2027.