Yaron Aiken da ke Cikin Na'ura

A cikin mitar wutar da ake saya wa kati, da akwatin da ke daidaita cajin batirin sola, da rimot ɗin talabijin, akwai wani ɗan baƙin abu da bai wuce faɗin farce ba. Masana suna kiransa maikurokontirola. Kwamfuta ce sukutum, amma ni yaron aike na ɗauke shi. Yaro ne mai ladabi, ba ya gajiya, ba ya musu, ba ya ƙwange. Aibinsa ɗaya, abin da aka faɗa masa shi kaɗai yake yi. Ka ce ya sayo gishiri a rumfa ta uku, ya tarar an mai da ita shagon takalma, to nan zai tsaya neman gishiri har magariba.

Ga shi da ƙaramin aljihu. Ɗauki ATmega328P, wanda ke kan allon Arduino Uno da ɗalibai ke koyo da shi. Wurin ajiye saƙonsa kilobayit 32 ne, abin da yake iya riƙewa a ka yana cikin tafiya kuwa kilobayit 2 kacal. Hoto ɗaya a wayarka ya ninka wurin ajiye saƙon nan sau gommai. Sai dai akwai sauri, don agogonsa yana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa.

Matsalar ita ce ba ya jin yaren kowa sai sifili da ɗaya. Injiniya kuma da harshen C yake rubutu, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka wajen 1972. Dole a sami tafinta, wato manhajar da ake kira kwamfaila. Wadda ta fi shahara ita ce GCC, da Richard Stallman ya fitar a 1987, kuma kyauta ce har gobe. Tafintan yana zaune a babbar kwamfuta, ya juya saƙon zuwa yaren yaron, sannan a ɗura masa ta waya. Kowane gidan maikurokontirola da yarensa, abin da aka shirya wa ɗan gidan AVR, irin su ATmega328P, ba zai shiga kunnen ɗan gidan ARM ba.

Gwanin tafinta har taƙaita saƙo yake yi. Uwar gida ta ce a sayo tumatir a kawo, a koma a sayo albasa, a sake komawa don attaruhu. Shi kuwa sai ya haɗa su a tafiya guda, don ya san aljihun yaron. Amma wayo ya san na ƙi. Ka ce yaro ya riƙa leƙawa ko mahauci ya buɗe. Tafinta ya duba saƙon daga farko har ƙarshe, bai ga inda aka ce wani zai buɗe rumfar ba, sai ya yanke cewa leƙe ɗaya ya isa. Mahauci ya zo ya buɗe, ya sayar, ya tashi, yaro yana nan yana jira. Maganin kalma ɗaya ce a harshen C, volatile, wadda ke gaya wa tafinta cewa wannan abu yana iya canzawa ba da saninsa ba, kada ya taɓa shi.

Kuma tafinta galibi kuskuren lafazi yake kamawa. In ka ce gishiri alhali sukari kake nufi, haka zai isar. Daga nan sai farautar kuskure, ga yaron ba shi da bakin da zai ba ka labari. Tsohuwar dabara ita ce a sa shi ya ƙyafta ƙaramar fitila ko ya turo kalma ta waya a duk kwanar da ya kai. Tana aiki, sai dai tsayawar da yake yi don ya kira ka tana rage masa sauri, wani lokaci kuskuren ya ɓuya, ka cire kiran ya dawo.

Abin da ya fi shi ne ka bi shi kasuwar da kanka. An bar ƙofa domin haka, JTAG, wadda aka tsayar da ƙa'idarta a 1990, ko SWD mai waya biyu ta gidan ARM. Sai ka jona 'yar na'ura irin ST-Link ko J-Link, ka buɗe manhajar GDB. Yanzu kana iya cewa ya tsaya cak a rumfa ta biyar, ka zazzage aljihunsa, ka ƙirga canji, ka sa shi ya yi taku ɗai-ɗai kana kallo. A kula dai, yaron ne ya tsaya, kasuwa ba ta tsaya ba. Injin da ya kunna yana nan yana juyawa.

Ga irin abin da ake tararwa a aljihun. An ce famfo ya tsaya bayan minti ɗaya, ana ƙirga lokaci kashi dubu a kowace daƙiƙa. Ma'ajin ƙirga na yau da kullum a gidan AVR ba ya ɗaukar fiye da 32,767. Wajen daƙiƙa 33 sai ya cika ya kife, lissafi ya koma ƙasa da sifili, dubu sittin ba za ta taɓa zuwa ba, tanki ya yi ta ambaliya. Irin wannan kuskure na cusa babbar lamba a ƙaramin ma'aji ne ya tarwatsa rokar Turai Ariane 5 a 1996, ba ta cika minti ɗaya da tashi ba.

Shi ya sa nake roƙon matasanmu masu koyon wannan sana'a su riƙa karanta gargaɗin da tafinta ke bayarwa, ko da ya yarda ya isar da saƙon, kuma su koyi bin yaron tun ranar da suka koyi aikensa. Hasashe a zaune yana cinye mako, alhali leƙa aljihu sau ɗaya kan warware magana kafin la'asar.